Kishiyar Ƙarfe

Yau so nake mu ɗan taɓa hira a kan wata irin kishiya da ba kasafai ake zancenta ba. Ita wannan ba a kai mata lefe, ba a ɗaura mata aure, ba ta karɓar girki, ba ta haihuwa, amma wallahi akwai gidan da ta fi uwargida da amarya cin kuɗin maigida. Ba ta zagi, ba ta habaici, amma tana iya sa a rage miki kuɗin cefane. Tsohuwar mota nake nufi, musamman tsohuwar Fijo.

In kin bi garuruwanmu na ƙasar Gumel, tun daga Ɗanzomo inda aka yanke mini cibiya, zuwa Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari, har cikin garin Gumel inda nake zaman aure, ba za ki rasa ganinta ba. Tana nan a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, an ɗora ta a kan bulo, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. In kika tambayi mai ita sai ya ce, “Ai lafiyarta ƙalau, ɗan gyara kaɗan ya rage.” Shekara goma ana nan a kan ɗan gyara kaɗan.

Mu ma muna da tamu. Farar Fijo 504 ce, wadda Malam ya saya sabuwa fil a shekarar 1978 da bashin mota na ma'aikata, tun kafin a kawo ni gidan. Don haka in ana bin girma ne, ita ce uwargida, ni amarya ce. Na zauna da ita shekara da shekaru, na san halinta, na kuma san halin masu sonta, shi ya sa na ga ya dace in ba ƙannena da 'ya'yana labari, ko wata ta ƙaru.

Kullum bayan La'asar akwai majalisa a ƙofar gidanmu. Akwai wani tsohon direban haya, da tsohon malamin gona, da wani dattijon bakanike da idonsa ya fara rauni, sai Malam. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, katanga ce kawai tsakaninmu, duk abin da suke faɗa yana shiga kunnena. To 'yar uwa, ko da za a fara hirar da damina ko da siyasa, ba a minti goma sai ta gangaro kan mota.

“Kai Alhaji, ka tuna nawa aka ba ni ita a Kano? Ko dubu goma ba ta kai ba!”

“Ai kai taka ba ta da iyakwandishan. Da ka ƙara 'yan ɗaruruwa da an ba ka mai sanyi.”

“Sanyin me? Mutumin Gumel da sanyi? Ni rediyo mai kaset na sa aka ɗaura mini, da kariya a sama.”

Haka za su yi ta jero su kamar masu tilawa: wannan GL ce, waccan GR, ta manya ita ce SR, wannan giyarta a jikin sitiyari take, waccan a ƙasa, rigar kujera naira kaza, labulen gilashin baya naira kaza, safayar taya kuwa kyauta take zuwa. Mutumin da ba zai iya gaya miki nawa ake sayar da kwanon gero a kasuwa yau ba, shi ne zai gaya miki kuɗin rediyon mota na shekara arba'in da ta wuce, har da kwabbai. Daga nan sai wani ya ce, “Litar mai kwabo 20 a zamanin Shagari!” Sai kowa ya yi ajiyar zuciya, a yi shiru kamar an yi rasuwa.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin ki yi wa dattijan nan dariya, bari in gaya miki abin da motar nan take a wurinsu.

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ne, bakinmu ya mayar da shi Fijo. Ya fito da 404 a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, sannan ya fito da 504 a 1968. A shekarar 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kakuri cikin Kaduna. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cunkushe, har ta kai a jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga birnin Liyon na Faransa, a sauke a filin jirgin sama na Kano, a kai Kaduna a haɗa. Ki duba gata! A daidai wannan lokacin ne kuma aka yi Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, a farkon 1975 ma'aikata suka sami ƙarin albashi har da ariyas na watanni a dunƙule. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, naira tana da ƙarfi, mai ƙaramin mataki ya sayi keke ko babur, mai babban mataki ya sami bashin mota. Bayan an kashe Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce manyan ma'aikata su rage alfarma su koma hawa Fijo. Daga nan ta zama motar hukuma. Wanda duk aka gani a cikinta an san ya yi boko, kuma bokon ta yi masa rana.

Mu kuma a nan arewacin Jigawa, da yake lokacin muna cikin jihar Kano ne kafin a yanke mu a 1991, muna da wani dalilin na daban. Ƙasarmu rairayi ce. Iyayenmu in za su Kano sai su nufi Gagarawa su jira jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Nguru, in sun dawo kuma daga tasha sai jaki ko raƙumi ko ƙafa. Motoci da yawa in sun shiga burjinmu sai su kafe. Ita kuwa Fijo cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, injinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri, bakanike zai kwance shi a gindin bishiya da 'yan sifanu ya mayar. Ba mu kaɗai muka shaida ba. A gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi cikin laka da duwatsu, 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960, ita ma 504 ta ci a 1975. Ga a-kori-kura, wato mai buɗaɗɗen baya, ita ke kwasar buhuna da tumaki da mutane ranar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, ranar Lahadi zuwa Gujungu. Ga mai dogon baya ta haya da ke cika tasha. Zamani ne da harkar mota ta shiga ran mutane, har marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa.

Ni kaina motar nan tana bi na bashi. Haihuwata ta fari na je goyon ciki gida Ɗanzomo, naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ga damina, ungozoma ta yi iya yinta ta ce sai asibiti. Wani ya hau keke ya je ya sanar, Malam ya zo da ita cikin ruwa da taɓo, aka shimfiɗe ni a kujerar baya, kaina a cinyar Inna, har asibitin Gumel. Yaron da aka haifa a daren nan yanzu shi ma uban 'ya'ya ne. Ba ni kaɗai ba, mata nawa ta kai haihuwa a unguwarmu, amare nawa ta kai ɗakinsu, alhazai nawa ta raka Kano, marasa lafiya nawa ta ɗauka ba a biya ko sisi ba. Saboda haka kar wata ta ɗauka ƙiyayya ce ta sa nake wannan rubutu. Wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, kuma daga ƙin ta sai ɓata. Zancen da dattijan nan ke yi cewa da komai araha ne, yana buƙatar a zauna a yi masa lissafi irin namu na mata, mu da muka saba raba kwano ɗaya ya kai kwana biyu. A shekarar 1981 aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata. Mu ƙaddara motar naira dubu shida ce. Ke nan leburan gwamnati sai ya yi wata 48, shekara huɗu cur, bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba, kafin ya haɗa kuɗinta. To ina manomin da ba shi da albashin ma sam, wanda bai gama farfaɗowa daga farin 1973 ba? Ina tashi a Ɗanzomo masu mota ba su cika yatsun hannu ba. In mota ta shigo gari mu yara bin ta muke da gudu muna shaƙar ƙura. Iyayenmu mata kuwa a ka suke ɗauko ruwa daga rijiya mai gaba da yawa, a ƙafa suke zuwa biki ƙauyuka. Arahar nan da ake kuka a kanta, ba kowa ta yi wa araha ba.

Sai dai kuma in za a yi adalci, su ma suna da tasu gaskiyar. A wajejen 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, aka karya darajar naira, farashin sabuwar mota ya yi tashin gwauron zabo, ya bar albashi a ƙasa yana kallo. Tun daga nan ma'aikaci ya yi ban kwana da sabuwa fil. Aka koma 'yan Kwatano, wato waɗanda Turawa suka hau suka gaji, a sauke su a tashar ruwan Kwatano a biyo da su ta Nijar. Faransa ta daina ƙera 504 irin ta gidanmu tun 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har 2006, sannan ita ma ta tsaya. A tasha Golf da Sharon suka ƙwace wuri. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, a shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ki buga shi sau 48 ɗin nan, za ki sami naira miliyan uku da dubu ɗari uku da sittin. Je ki da su wurin masu sayar da sababbin motoci ki ji abin da za su ce miki.

Da na yi wannan lissafin sai na gane abin da ke damun majalisar ƙofar gidanmu. Ba ƙarfen suke wa kuka ba. Lokacin suke tunawa da malamin makaranta zai sa hannu a takarda ya fito da mota a leda, lokacin da in ya yi magana a gari ana saurare, lokacin da gumin mutum yake da daraja. Yau fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata, yaran da ya koyar suna wuce shi a manyan motoci. In ya shafa bayan tsohuwar Fijonsa, ƙuruciyarsa yake shafawa. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. In kin fahimci wannan, 'yar uwa, kin sami rabin maganin zama da kishiyar ƙarfe.

To ana cikin wannan sai ga wata sabuwa. Su dattijai so suke a mayar da mota yadda ta fito daga Kaduna, ko ƙusa kar a canza. Samarin yanzu kuwa in sun kalli tsohuwar mota wani abu daban suke hange. Autanmu da abokansa su ne kullum a waya suna kallon yadda ake sauya wa tsofaffin motoci kama: a cire injinta a sa wanda ya fi shi ƙarfi, a canza kafireta, a yanke salansa don ta riƙa ruri, a sa faffaɗan tayoyi, a yi mata fenti mai ƙyalli. Shi ya ba ni labarin asalin abin, na kuma bincika na tarar haka ne. A Amurka, a jihar Kaliforniya, tun shekarun 1930 samari marasa kuɗi suke sayen tsofaffin motocin Ford da araha, su cire duk abin da ke ƙara musu nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi busassun tafkuna cikin hamada su yi tsere. Irin wannan mota suke kira hot rod, har aka fara buga mujalla da wannan suna a 1948. Da abin ya fara dawowa titunan gari ana kashe mutane, sai aka kafa ƙungiya ta ƙasa a 1951 don a raba tseren da hanyar jama'a, a yi masa fili da doka.

Mu ma ai ba baƙi ba ne wajen yi wa mota ƙari. Direbobin kan iyaka tun da can suke ƙara wa a-kori-kura sifirin don ta ɗauki kayan da ya ninka ƙarfinta, su ɗaga bayanta don kar ta zauna cikin rairayi. Makanikanmu da ba su shiga aji ba suna haɗa injin wata mota a jikin wata, ta tashi ta yi shekaru tana aiki. Wannan basira ce, kuma neman abinci ne. Amma akwai ƙarin da ba na neman abinci ba, na neman suna ne, kuma filinsa ba hamada ba ce, ranar kai amarya ce.

Wannan kam na gani da idona. A wani biki da muka je, an jero motocin kai amarya, sai wani saurayi ya fito daga layi da motar da aka yanke wa salansa, ya shiga juyi a fili yana tayar da ƙura, tayoyi na kuka, 'yan mata na shewa da guɗa, shi kuwa kansa na ƙara kumbura. A juyi na uku ta ƙwace masa, ta yi kan masu kallo, ta take ƙafar wata yarinya mai tallan gyaɗa da ba ta fi shekara tara ba. Biki ya koma koke-koke. Daga baya aka ji motar ma ba tasa ba ce, aro ya yi. Yarinyar ta rayu, amma har yau da ɗingishi take tafiya. Shi an yi sulhu an wuce wurin, ita kuwa da ƙafar za ta je gidan miji. Duk 'yar da ta yi guɗa a ranar, da ita aka taka totur ɗin nan, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Kin ga ke nan a gidanmu motar ta sami masoya biyu, uba yana ja ta baya, ɗa yana ja ta gaba, kuma dukansu aljihu ɗaya suke kallo. Abin ya zo wuya a kakar 2023. A watan Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai na kasuwa ya bi ta. Allah Ya taimake mu riɗin da Malam ya noma ya yi kyau, aka kai Maigatari aka sayar. A lokacin 'yarmu ta sami gurbin karatun aikin jinya, ana jiran kuɗin rajista. Sai na tsinci zance ta bayan katanga, wai an sami inji a Kano, in an ɗora mata za ta tashi kamar sabuwa. Auta kuma yana gefe yana zuga, “Baba, in dai za a sa, a sa babba kawai.”

Ban ce uffan ba a gaban yara, ban aika wa majalisa baƙar magana ba. Na bari sai dare, bayan ya ci tuwo ya sha fura, hankalinsa ya kwanta. Na jawo tsohuwar akwatina daga ƙarƙashin gado, na fito da wata atamfa da Inna ta sa mini a kayan aure, 'yar masaƙar Kaduna, wadda ban taɓa yarda an sa mata almakashi ba. Na sauko da babbar kwallata ta jere, mai furanni, wadda bakinta ya ɗan fashe. Na ajiye su a gabansa.

Ya ce, “Hajiya, lafiya? Gwanjo za ki yi?”

Na ce, “Malam, in ba za ka ji haushi ba, tawa Fijon na kawo maka ka gani. Ita ma atamfar nan daga Kakuri ta fito, unguwarsu ɗaya da motarka, kuma masaƙar da ta yi ta ita ma ta zama labari. In na yi kewar Inna nakan fito da ita in shinshina in mayar. Ko nawa za a ba ni ba zan sayar ba. Don haka na san abin da kake ji, ba kuma zan taɓa ce maka ka sayar da motarka ba.”

Ya yi shiru yana kallona.

Na ce, “Bambancinsu ɗaya ne. Tawa ba ta ci, ba ta sha. Taka kuwa in an sa mata inji za ta nemi taya, in an sa taya za ta nemi batir, in ta tashi za ta nemi mai a farashin yau, ba na zamanin Shagari ba. Ga yarinyar nan tana jiran rajista. Motar nan ta taɓa kai ni asibiti ta ceci raina. In 'yarka ta yi karatun nan, mata nawa za ta tarba a ƙofar asibitin? Motar ta yi shekaru tana jira, za ta iya ƙara wasu. Gurbin karatu kuwa ba ya jira.”

Kar ki ɗauka nan take ya washe baki ya ce na yi gaskiya. Namiji ne fa. Ya ce in kwashe tarkacena, ya juya ya kwanta. Kwana uku gaisuwa ce kawai tsakaninmu. A na huɗu ya kira yarinyar ya ƙirga mata kuɗin rajista a hannu, ya ce ta riƙe amana. Motar kuwa aka wanke ta, aka kori kaji, aka saya mata tamfol aka rufe. Muka yi yarjejeniya cewa abinci da makaranta da magani su ne gaba, abin da ya yi saura daga fansho in ya ga dama ya tara mata, ba zan sa baki ba. Auta kuma aka haɗa shi da dattijon bakaniken nan yana koyon aiki, da sharaɗin duk ranar da aka gan shi yana wasa da mota a biki, shi da sifana sun yi hannun riga. Majalisa tana nan, ana nan ana jero farashin rediyo mai kaset, ni kuma ina jin su ina murmushi.

To 'yan uwa matan aure, ga abin da zan bar muku. In maigidanki yana da irin wannan kishiyar, ko mota ce, ko tsohon babur, ko doki, kar ki raina ta a gabansa, balle a gaban 'ya'yansa ko abokansa. Ranar da kika kira ta gwangwani, shi kika kira, kuma daga ranar zai fara ɓoye miki abin da yake kashe mata. Ki tambaye shi labarinta, ki saurara ko da kin ji sau ɗari, don wanda aka saurara shi ke saurare. Amma kuma kar kunya ko tsoro su sa ki yi shiru har tukunya ta kwana a kife. Ki san abin da ke shigowa gidan da abin da ke fita, ki zaɓi lokaci, ki zaɓi kalma, ki kawo lissafi a maimakon gori. Ciyar da iyali wajibi ne, gyaran tsohuwar mota sha'awa ce, ba a kuwa barin farilla a kama nafila. Mu ma mu duba kanmu, don wadda ke cin bashi saboda ankon biki ko sabon jere ba ta da bakin yi wa miji wa'azin inji.

Ku kuma 'yan matana, ku buɗe kunnuwanku. Rurin mota ba shi ne arziki ba. Wanda ya zo zance yana taka totur don unguwa ta san ya iso, ki bincika tukuna: motar tasa ce? Da me yake zuba mata mai? Zanen aro ba ya rufe katara. Saurayin da zai yi wasa da ran 'ya'yan mutane don ki yi masa guɗa, gobe da naki ran zai yi wasa. In bikinki ya zo, ki gaya wa angon da abokansa tun da wuri cewa ba ki yarda a yi wasan mota a kai ki ɗaki ba. Ba rashin wayewa ba ne, kina da wannan haƙƙin, kuma iyaye za su goya miki baya. Gara a kai ki a hankali a mota ɗaya ki isa lafiya, da a jero ashirin a ƙare a asibiti. In kuwa kin sami mai sana'ar hannu, wanda ya iya tayar da matacciyar mota ya ci halalinsa, kar baƙin man da ke rigarsa ya sa ki juya masa baya.

Kowane zamani da abin hawansa. Kakanninmu sun yi kewar raƙumi da doki, iyayenmu da mazanmu suna kewar Fijo, su Auta ma wata rana za su zauna a gindin bishiya suna ba jikokinsu labarin arahar abin da yau muke kuka da tsadarsa. Tuna baya ba laifi ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Abin gudu shi ne a ɗauki abincin yau a ciyar da jiya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya rufa wa mazanmu asiri, Ya shirya mana zuriya, Ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.